Dabbobin Ruwa da Ruwa Ke Ci: Kunkurun Teku, Ayu da Aikin Masu Nutso



Da aka ce kowane aji ya kawo abin da za a sa a littafin bana, mu sai muka zaɓi magana a kan dabbobin ruwa da suke neman ƙarewa, da irin taimakon da masu nutso za su iya yi musu. Wasu abokanmu sun yi mana dariya, suka ce, "Ku da ko iyo ba ku iya ba, ina ku ina teku?" Gaskiyarsu ce. Daga Tamale zuwa bakin teku a Accra tafiyar kusan kilomita 600 ce, kuma da yawanmu a Zogbeli ba mu taɓa ganinsa da ido ba. To amma amanin da ake daka mana a miya daga can yake zuwa. Ruwan famfonmu kuma daga Farin Volta ake janyo shi a Nawuni, a tace shi a Dalun. Wannan kogin shi ne yake gangarawa ta Yapei ya shiga tafkin Volta, ya wuce Akosombo, ya je ya faɗa teku a Ada. Kun ga ashe mu muna wajen kan igiyar ne, mutanen Ada suna wajen bakinta.

Yaya ruwa zai ci dabbar ruwa?

Kifi yana samun iskarsa a cikin ruwan, ba ya bukatar fitowa. Amma akwai dabbobin da suke zaune a ruwa alhali huhu gare su kamar mu. Dole lokaci-lokaci su taso su leƙo da hanci su shaƙi iska, sannan su koma. Kunkurun teku haka yake, ayu ma haka, dolfin ma haka. Idan raga ta riƙe ɗayansu a ƙasa ya kasa tasowa, mutuwar da zai yi ita ce irin ta mutumin da ruwa ya ci. Abin da ya fi ba mu mamaki ke nan a duk karatun da muka yi, kuma a kansa maganarmu za ta tsaya. Za mu ɗauki biyu da suke ƙasarmu Ghana: kunkurun teku da ayu.

Kunkurun teku

Iri bakwai ne a duniya. Uku daga ciki suna fitowa a kai a kai su yi ƙwai a gaɓar tekunmu, wadda tsawonta ya kai wajen kilomita 550. Akwai mai launin zaitun, shi ne ƙarami kuma ya fi yawa. Akwai wanda ake kira kore, ba don bayansa kore ne ba, kitsensa ne mai launin kore saboda ciyawar ruwa da yake ci. Sai babbansu, mai bayan fata, wanda ba shi da ƙoƙo mai tauri irin na kunkurun da muka sani. Tsawonsa yana kaiwa mita 2, nauyinsa yana iya wuce kilo 500, kuma yana nutsawa ƙasa fiye da mita 1,000.

Lokacin ƙwansu yana kamawa daga wajen Satumba zuwa Maris. Uwar takan fito da dare a wurare irin su Ada, Anloga, Winneba da yankin Cape Three Points. Sai ta tona rami a yashi da ƙafafunta na baya, ta zuba ƙwai kusan 100, ta binne, ta koma ruwa abinta. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan su ƙyanƙyashe su ruga teku. Wani abin al'ajabi, zafin yashin ne yake sa su zama maza ko mata: in ya yi zafi sosai mata sun fi yawa. Masana suna ƙiyasta cewa a cikin 1,000 ɗaya ne kawai yake kaiwa girma, sauran karnuka da aladu da tsuntsaye da kifaye sun cinye. Wanda ya tsira kuma sai ya yi shekara goma sha wani abu, wani irin ma fiye da ashirin, kafin ya fara haihuwa. Saboda haka wanda ya yanka uwa guda a bakin ruwa, ba guda ya kashe ba.

Abin da ke rage su a bayyane yake. Ana kwashe ƙwan, ana yanka uwayen, ana ɗibar yashin gaɓa don gini, teku kuma yana cin ƙasa kamar yadda ya yi a Keta. Mai bayan fata abincinsa wata halitta ce mai laushi da ake ganin bayanta kamar leda, wadda ake kira jelifish. In ya ga farar leda tana yawo a ruwa sai ya haɗiye, ta toshe masa hanji. Bayan duk wannan ga raga da ƙugiya.

Ayu

Shi ayu sunansa ba baƙo ba ne a kunnenmu, ko da ba mu taɓa ganinsa ba. Dabba ce mai shayarwa, ba kifi ba. Ciyawar ruwa yake ci, ba ya cizo, ba ya faɗa. Tsawonsa yana kaiwa mita 3 ko fiye. Ana samunsa daga Senegal har Angola, a gaɓar teku da cikin koguna. Yana kogin Kwara har cikin Nijar da Mali, yana Binuwai, a nan Ghana kuma yana bakin Volta wajen Ada da cikin tafkin Volta, musamman ɓangaren Afram. Da aka gama dam ɗin Akosombo a 1965, waɗanda suke sama da shi sun rabu da 'yan uwansu na ƙasa har yau.

Matsalar ayu ita ce jinkirin haihuwa. Uwar tana ɗaukar ciki kamar shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya tak, ta yi ta renonsa, sai bayan shekara biyu ko uku ko fiye ta sake. Ƙiyasin masana shi ne waɗanda suka rage ba su kai 10,000 ba a duk ƙasashen nan. A 2013, a taron ƙasashen yarjejeniyar CITES da aka yi a Bangkok, an sa shi a jerin farko, wato an hana cinikinsa da cinikin sassan jikinsa tsakanin ƙasashe. A Ghana kuwa tun 1971 dokar kare namun daji ta hana farautarsa, ta hana ta kunkurun teku.

Kada wani ya ce ai ba za su ƙare ba. Ayu yana da wani babban ɗan uwa a tekun Bering, can tsakanin Rasha da Amurka. Turawa sun fara ganinsa a 1741, zuwa 1768 mafarauta sun gama da shi. Shekara 27 kacal. Yanzu sai dai ƙashinsa a gidan tarihi.

Ragar da ba ta da mai ita

Da can da zaren auduga da igiyar tsirrai ake saƙa raga, in ta ɓace a ruwa sai ta ruɓe. Ta yanzu ta roba ce, tana iya yin shekaru masu yawa ba ta lalace ba. Idan ta maƙale a dutse, ko igiyar ruwa ta tsinke ta, ko babban jirgi ya bi ta kanta, mai ita zai haƙura ya koma gida, amma ita ba ta daina aiki ba. Za ta kama kifi, kifin ya mutu, warinsa ya jawo wani, shi ma ya shiga. Kunkuru ya zo wucewa ta naɗe masa hannu ko wuya. Babu mai zuwa dubawa, babu mai ci, babu mai sayarwa. Adadin da aka fi ambata, wanda ya samo asali daga wani rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009, shi ne kimanin tan 640,000 na kayan kamun kifi suna ɓacewa a teku kowace shekara.

A tafkin Volta abin yana da wata fuska. Da ruwa ya cika bayan gina dam, ya shanye dazuzzuka da itatuwansu a tsaye. Kututturan suna nan a ƙarƙashi har gobe, su ne suke kama ragar masunta, su ne kuma suke fasa kwalekwale. Wanda ya taɓa zuwa Yeji ko Makango ya ga kawunansu sun leƙo.

To me mai nutso zai yi?

Mai nutso shi ne mutumin da ya san zafin riƙe numfashi, shi ne kuma kaɗai yake isa inda ragar take. Nutso ba sabon abu ba ne. Alƙur'ani ya ambaci masu yi wa Annabi Sulaimanu (AS) nutso a Suratul Anbiya'i da Suratu Sad. Mutanen Bahrain da Kuwait da Qatar da nutson lu'ulu'u suka rayu kafin zuwan man fetur. A ƙasar Hausa ma akwai Sarkawan Kabi, waɗanda ake kallon gwanintarsu a bikin kamun kifi na Argungu tun 1934.

Nutson zamani ya samu ne bayan 1943, lokacin da wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙera na'urar da mutum zai goya tukunyar iska ya riƙa shaƙa a ƙarƙashin ruwa. Yana sa tabarau mai rufe ido da hanci, da takalmi mai faɗi kamar ƙafar agwagwa. Abin yana da ƙa'ida. A zurfin mita 10 matsin da ke kan jiki ya ninka na waje sau biyu, kuma wanda ya taso da gaggawa bayan ya daɗe a ƙasa iska tana iya yin kumfa a jininsa, ta shanye masa jiki ko ta kashe shi. Shi ya sa ɗan koyo ba ya wuce mita 18, kuma ba a shiga mutum ɗaya, sai da abokin da zai sa ido.

Aikinsu na farko shi ne cire ragar da ta ɓace. Suna yanka ta gunduwa-gunduwa, su ɗaura mata wata jaka da ake hura wa iska, jakar ta ɗago ta sama, na cikin jirgi su janye. Akwai ƙungiyar Ghost Diving da ta faro daga ƙasar Holan, aikinta ke nan. Akwai Healthy Seas da aka kafa a 2013, wadda take kai tsofaffin raga masana'anta a mayar da su zare, a yi safa da darduma. Aikin yana da haɗari, don ragar da ta kama kunkuru ba ta san mutum ba.

Na biyu, kuɓutar da dabbar da ta maƙale tun tana da rai. Nan ma sai da ilimi. Ba a fizgar zaren da ya shiga nama, yankawa ake yi a hankali. Kunkurun da aka fito da shi a sume ba a jefa shi ruwa nan take, don zai nutse. Ana ajiye shi a inuwa rub da ciki, a ɗan ɗaga bayansa sama ruwan huhunsa ya fita, a rufa masa jiƙaƙƙen tsumma ban da hanci, a jira ya farfaɗo, ko da zai kai kwana guda. Wannan ko masunci a kwalekwalensa zai iya.

Na uku, kawo labari. Abin da ke ƙarƙashin ruwa ba a ganinsa daga ofis. Kowane kunkuru yana da zanen fuska nasa daban, kamar zanen yatsa, don haka hoton da mai nutso ya ɗauka yana sa a gane ko shi ne aka gani bara. Ƙungiyar masu koyar da nutso ta PADI tana da shiri tun 2011 wanda masu nutso suke kwaso shara su ƙirga, su rubuta irinta da inda aka same ta. Da irin wannan lissafi ake sanin wurin da ya kamata a kare.

Na huɗu, kame hannu. Mai nutso na kirki ba ya taɓa dabba, ba ya hawa bayan kunkuru don hoto, ba ya tsayawa tsakaninsa da sama lokacin da yake neman iska.

Sai dai mu faɗi gaskiya, masu nutso ba za su share teku ba. Inda suke isa kaɗan ne, ruwan gaɓarmu yana da igiya mai ƙarfi, na tafki kuma yana da duhu. Rigakafi ya fi magani: a rage ragar da ke ɓacewa, a kiyaye dokar 2010 da ta hana wasu irin raga da kamun kifi da guba ko nakiya, a mutunta watan hutun kamun kifi. Shi ma masunci a duba shi, don in ya yanka ragarsa ya saki kunkuru, jarinsa ya yanka. Ya kamata a taya shi gyara.

Wanda bai kamata ya yi nutso ba

Akwai masu nutso a ƙasar nan da ba a ambatonsu, su ne yaran tafkin Volta. Idan raga ta maƙale a kututture, sau da yawa yaro ake turawa ya kwance, wai jikinsa ƙarami ne, yatsunsa sun fi shiga. Ba tabarau, ba tukunyar iska, ba wanda ya koya masa ƙa'ida. Wasu sa'o'in ƙannenmu ne da suke izu biyu ko uku. Akwai waɗanda ragar take riƙewa, su mutu irin mutuwar da muka ce kunkuru yana yi. Dokar yara ta 1998 ta hana sa wanda bai kai shekara 18 ba aiki mai haɗari, dokar 2005 kuma ta hana fataucin mutane. Ba zai yi kyau mu yi kukan ayu mu manta da ɗan Adam ba. Raga ɗaya ce take cin su. Idan aka horar da manyan masunta aka ba su kayan aiki, yaro ya koma makaranta, ragar ta fito, ayu ya wuce lafiya. Ga iyayenmu kuma, in wani ya zo neman yaro da sunan zai koya masa sana'a a bakin tafki, don Allah a bincika sosai kafin a ba shi.

"Amma ai halal ne"

Wani ɗan ajinmu ya kawo wannan, kuma tambaya ce mai kyau. A mazhabar Malikiyya naman dabbobin ruwa halal ne. Mun kuma karanta labarin rundunar Abu Ubaida (RA), da yunwa ta kama su a bakin teku, suka samu wata ƙatuwar dabba da ruwa ya jefo, suka yi kwanaki suna ci. Ba mu zo mu haramta abin da Allah ya halatta ba, ba mu isa ba.

Abin da muka fahimta daga malamanmu shi ne, halaccin ci daban, izinin ƙarar da iri daban. Ruwan alwala halal ne, amma an hana almubazzaranci da shi. Aya ta 41 a Suratur Rum ta haɗa tudu da teku wajen maganar ɓarnar da mutane suke jawowa. Aya ta 38 a Suratul An'am ta nuna dabbobi ma al'ummomi ne. Annabi Nuhu (AS) da zai shiga jirgi an umurce shi ya ɗauki jinsi biyu na kowane iri, don kada irin ya yanke. Manzon Allah (SAW) ya keɓe filin Naƙi'u kusa da Madina ya zama hima, wato wurin da aka tsare don maslahar jama'a, Sayyidina Umar (RA) ma ya yi haka a Rabaza. Ashe shugaba yana iya taƙaita abin da yake halal in akwai maslaha. Wuraren da Ghana ta keɓe a 1992, irin su Songor da Keta da Muni-Pomadze, kusan wannan tunanin ne. A nan arewa ma mutanen Wechiau sun keɓe gaɓar Baƙin Volta don dorinarsu, kuma baƙi suna zuwa kallo suna biya.

Kuma kariya tana aiki. Koren kunkuru ya yi shekaru a jerin masu fuskantar ƙarewa. Bayan an daɗe ana tsare wuraren ƙwansa ana gyara kayan kamun kifi a ƙasashe da yawa, a Oktoban 2025 ƙungiyar IUCN mai wannan lissafi ta fitar da shi daga jerin, duk da cewa a wasu yankunan har yanzu da saura.

Namu rabon a Zogbeli

Na farko, man ayu. Dukkanmu mun taɓa jin masu tallan magani suna ambatonsa a tasha da kasuwa, yanzu har a Facebook da TikTok. Ba a tatsar man ayu kamar nono, sai an kashe shi. Wani zai ce ai yawancinsa jabu ne. To in jabu ne an cuce ka, in na gaske ne an kashe dabbar da doka ta hana. Kuma ko na jabun aka saya, sunan ne ake ƙara wa daraja, darajar kuma ita take tura mafarauci ruwa da mashi. Mai ciwo ya nemi magani inda ya dace.

Na biyu, leda da robar piya wata. Wadda muka jefa a gwata, ruwan damina yana kwashe ta zuwa rafi, rafi ya kai kogi. 'Yan uwanmu da ke zaune a Accra kuwa, tasu ta fi kusa, daga gwata sai Odaw, sai Korle, sai teku. Mu ajinmu mun yi alkawarin sa kwando a bakin kowane aji, da tattara robobin bayan Maulidi da walima da sallar Idi.

Na uku, wanda tafiya ta kai shi kudu aka yi masa tayin ƙwan kunkuru ko namansa, ya ce ya gode. In ya ga an kama mai rai, ya sanar da ma'aikatan kula da namun daji.

Na huɗu, karatu. Ana koyar da ilimin kifi da ruwa a Jami'ar Cape Coast da ta Legon, har ma a nan kusa da mu a UDS ta Nyankpala. Rundunar sojan ruwa ma tana da masu nutso. Babu abin da ya hana ɗan makarantar Islamiyya ya haɗa Larabcinsa da wannan ilimi. Amma fa kada wani ƙaninmu ya karanta wannan ya tafi dam ya ce zai gwada nutso. Iyo ma a hannun wanda ya iya ake koyo, da izinin iyaye.

Mun karanta cewa an gafarta wa wani bawan Allah don ya shayar da kare, an kuma azabtar da wata mata don ta tsare kyanwa har ta mutu. Wanda ya yanke zare ya bar wata halitta ta taso ta shaƙi iska, muna kyautata zaton ladansa ba zai ɓace ba. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren namu ne, malamai su gyara mana. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da ya ɗora mana. Amin.